Kada Ka Buɗe Wa Kowane Baƙo Rumbunka

Karatu: 2 Sarakuna 20:12-19

Ina gaida ku da kuke cikin garin Gombe, daga Tudun Wada zuwa Tumfure, daga Bolari zuwa Pantami da Jekadafari. Ina gaida 'yan'uwa na Billiri da Kaltungo, da na Tula, Talasse, Cham, Bambam, Filiya, Deba da Zambuk.

Yau ina so mu yi magana a kan wayar da ke aljihunka, da abin da kake bari baƙi su gani a cikinta.

Kowa ya san rumbu. Kakanninmu sun gina shi da ƙaramin baki, suka rufe shi da jinka. Baƙo yakan zo, a ba shi ruwa, a ba shi tuwo, a shimfiɗa masa tabarma. Amma ba a kai shi bakin rumbu a ce, leƙa ka ga yawan dawar da ta rage mana. Ba rowa ce ta hana ba, hankali ne. Wanda ya san abin da ke cikin rumbunka ya san ƙarfinka, ya kuma san ranar da yunwa za ta kama ka.

Yau rumbun ya koma cikin waya. Kuɗinmu yana can. Hotunan 'ya'yanmu suna can. Lambobin dangi da na ikkilisiya suna can. Sunanmu ma yana can. Bari mu ga abin da Littafi Mai Tsarki zai koya mana a kan tsaron wannan rumbu.

Sarkin da ya nuna kome

Hezekiya sarkin Yahuza ne, ya yi mulki a Urushalima wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah. Ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya warkar da shi, ya ƙara masa shekara 15.

Labarin ya kai Babila, ƙasa mai nisa. Sarkin Babila, Merodak-baladan, ya aiko da manzanni ɗauke da wasiƙu da kyauta, wai sun zo yi masa sannu da jiki. Hezekiya ya ji daɗi ƙwarai. Ya zaga da su ɗakunan ajiyarsa. Suka ga azurfa da zinariya, da kayan yaji, da mai mai tsada. Suka ga ɗakin makamai. Bai rage musu kome ba.

Da baƙin suka tafi, sai annabi Ishaya ya shigo. Ya tambayi sarki inda mutanen suka fito, da abin da suka faɗa, da abin da idonsu ya gani. Sarki ya amsa da gaskiya cewa kome ya nuna musu. Ishaya ya faɗa masa cewa rana tana zuwa da za a kwashe dukan kayan nan zuwa Babila, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. Bayan shekara kamar ɗari maganar ta cika. Nebukadnezzar ya zo ya kwashe dukiyar fada da ta Haikali, ya kori mutanen Yahuza zuwa bauta.

Ku lura da abu uku a labarin nan. Na ɗaya, baƙin ba su zo da takobi ba, da gaisuwa da kyauta suka zo. Na biyu, ba su fasa ƙofa ba, maigida ne ya buɗe da hannunsa, yana murna. Na uku, wahalar ba ta tsaya a kansa ba, jikokinsa ne suka sha ta. Haka abin yake a yau.

Me ke cikin rumbunmu?

Manyanmu suna tunawa da shekarar 2001, lokacin da wayar hannu ta shigo Nijeriya. A lokacin, waya ta kira ce da gaisuwa kawai. Amma abubuwa sun yi ta taruwa a kanta. A 2011 aka fara rajistar layin waya da hoto da zanen yatsa. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN, wadda ta haɗa dukan asusun mutum na banki wuri ɗaya. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN. Ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ɗan garin nan ne. Sa'an nan a farkon 2023 takardun kuɗi suka yi wuya, har mai sayar da tumatir a kasuwa ta koyi karɓar kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS.

To, ga inda muke. Layinka yana haɗe da NIN ɗinka. Asusunka na banki yana haɗe da layinka. Wanda ya riƙe layinka, ya kuma san 'yan lambobi kaɗan, ya zama kai a idon na'ura. Zai iya cire kuɗi da sunanka. Zai iya cin bashi da sunanka. Zai iya roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Na'ura ba ta san fuska ko murya irin yadda maƙwabcinka ya sani ba. Lamba take tambaya, wanda ya kawo lamba shi take buɗe wa.

Saboda haka waɗannan lambobi su ne mabuɗan gidanka: lambar sirri ta katin ATM, lambobin da ke jikin katin gaba da baya, BVN, NIN, da gajeriyar lambar nan da banki ko WhatsApp ke aikowa ta saƙo. Ba a ba baƙo mabuɗi don ya iya gaisuwa.

Baƙi masu zuwa da kyauta

Bari in nuna muku yadda manzannin Babila na zamaninmu suke sallama.

Wani yakan kira ka da murya mai sanyi. Ya kira sunanka daidai. Ya ce shi ɗan guruf ɗin ikkilisiyarku ne, ko na zumuntar mata, ko na tsofaffin ɗalibai. Ya ce za a yi taron addu'a ta waya da yamma, an aiko maka lamba shida, ka karanto masa don ya sa ka cikin taron. 'Yan'uwa, babu wani taro. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa masa, ya ƙwace shi. Kafin ka gane, ya aika wa kowa cewa ɗanka yana asibiti, a taimaka da kuɗi. Mutane za su tura, domin hotonka suke gani. Daga cikin guruf ɗin kuma zai ɗauki lambar wani ya kira shi.

Wani yakan ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau in ba ka faɗi lambar katinka ba. Ku riƙe wannan da kyau: banki ba ya tambayar lambar sirrinka ta waya, ko ta saƙo. Duk wanda ya gaggauta ka, ya hana ka tunani, ka yi shakkarsa. Ka kashe wayar, ka tafi banki da ƙafarka.

Wani kuma da tallafi yake zuwa. Saƙo ya shigo cewa ana raba kuɗi ko taki ko aikin gwamnati, a cika suna da BVN da NIN, a kuma tura wa mutum goma. A shekarar 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi cewa akwai matasa masu yawo suna ba mutane naira 1,500 zuwa 2,000 don su karɓi bayanan NIN da BVN ɗinsu, sa'an nan a buɗe asusu da su a yi zamba. Ka duba, ɗan'uwa. Kuɗin da ba zai kai ka ƙarshen mako ba, amma ranar da aka bi sawun kuɗin sata, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai kuma manhajojin ba da rance. Kuɗin makaranta ya matsa, sai ka ga talla: rance cikin minti biyar, ba jingina. Kafin su ba ka, sukan nemi izinin ganin lambobin da ke wayarka, kai kuwa ka danna ka yarda. Jinginar ke nan. In ka makara da biya, sai saƙo ya tafi wurin surukinka, da fastonka, da maigidanka na aiki, ana ce maka ɓarawo. Wannan ya faru da mutane da yawa a ƙasar nan. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan hali. A 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. Duk da haka akwai masu zagayawa ta bayan gida. In dole ne ka ci bashi, adashi da ƙungiyar gama kai da kuka san juna sun fi maka rufin asiri.

Abin da muke nunawa da hannunmu

Hezekiya ba mugunta ce ta sa shi ba. Murna ce, da ɗan fahariya. Allah ya yi masa alheri, yana so a gani. Mu ma haka muke. An sayi sabuwar mota, sai hoto a Facebook, har lambar motar tana fitowa. An sayar da amfanin gona a Tudun Hatsi, sai a sanar. An karɓi kuɗin sallama daga aiki, sai shaida a gaban duniya. Godiya ga Allah abu ne mai kyau. Amma ka tambayi kanka, wa yake kallo? Cikin mutum dubu biyu da kake kira abokai a Facebook, nawa ka taɓa gani da idonka?

Lokacin Kirsimeti yakan zo, iyali su rubuta cewa gobe da asuba za su tafi ƙauye, sai bayan sabuwar shekara. Ka faɗa wa ɓarawo ranar da gida zai zama ba kowa. Ka faɗa wa mugu hanyar da za ka bi da lokacin da za ka bi ta. A zamanin da ake satar mutane don kuɗin fansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku tuna da Nehemiya. Da ya isa Urushalima, da dare ya fita duba garun da ya rushe, bai faɗa wa kowa nufinsa ba sai da lokaci ya yi. In kana so ka sa hoton tafiya, ka bari sai ka dawo.

Iyaye, ga maganar yara. Hoton yarinya da rigar makaranta yana faɗin sunan makarantar. Hoton ranar haihuwa yana faɗin shekarunta da sunanta. Hoton ƙofar gida yana faɗin unguwa. Haɗa ukun nan, baƙo ya sami abin da zai je bakin makaranta ya ce shi kawunta ne. Yaron da kike sa hotonsa yau bai ba ki izini ba, zai kuwa girma ya tarar da shi. Kada mu yi irin na Hezekiya, mu ji daɗi a zamaninmu, 'ya'yanmu su biya.

Har takarda ma a lura da ita. Kwafin katin ɗan ƙasa da takardar banki da muke bari a shagon buga takardu, wani lokaci a ciki ake ƙunshe ƙosai. Ka karɓi wadda ta lalace, ka kai gida ka ƙone.

Mutunci madara ne

A cikin rumbun akwai abin da ya fi kuɗi, wato sunanka. Littafin Karin Magana, sura 22, ya ɗora suna mai kyau a bisa yawan dukiya. Hausawa kuma sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

A dā, in mutum ya yi magana cikin fushi a dandali, mutum biyar suka ji, bayan wata ɗaya an manta. Waya ba ta mantuwa. Ka goge a wurinka, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Mai Hadishi, a ƙarshen sura 10, ya gargaɗe mu cewa ko maganar cikin ɗakin kwana tana iya samun fikafikai. Yau fikafikan suna hannun kowa. Kada kuma ka ce ai da Tangale na yi maganar, ko da Waja, ko da Tera, ba wanda zai ji. Za a sami mai fassarawa, ba lalle ya fassara da gaskiya ba.

Samari da 'yan mata, abin da kuka rubuta kuna shekara 18 zai jira ku a shekara 30. Masu ɗaukar aiki sukan duba. Gidan da za ka nemi aure sukan duba. Tun 2019, mai neman bizar Amurka sai ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. Zagi, da hoton maye, da ba'a ga wata ƙabila, duk suna nan suna jira.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, zan faɗe shi a hankali. A ranar 12 ga Mayu 2022, an kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan wani saƙon murya da ta sa a guruf ɗin ajinsu ya bazu. A cikin watan nan kuma aka kama wata ma'aikaciyar lafiya a ƙaramar hukumar Warji ta Jihar Bauchi saboda bidiyon da ta tura a WhatsApp. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare, sai a Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Ba na ɗora wa waɗannan mata laifi. Babu abin da ya ba kowa ikon ɗaukar ran mutum, jini kuwa yana kuka a gaban Allah. Abin da nake so mu gani shi ne, guruf ba ɗaki ba ne, kasuwa ce. Muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi unguwa ɗaya, kasuwa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya. Kada ka rubuta abin da ba za ka iya faɗa wa maƙwabcinka ido da ido cikin ladabi ba. Kada ka tura hoto ko bidiyon tashin hankali da ba ka san asalinsa ba. Da yawa tsofaffi ne, ko daga wata ƙasa, yanzu ma na'ura tana iya ƙirƙiro murya da fuskar mutum. Magana zarar bunu ce.

Ga kuma tarkon tsiraici. Wani yakan yi kamar budurwa ko saurayi, ya yi ta hira mai daɗi, har ya nemi hoton da bai kamata ba. Da ya samu sai murya ta canja: turo kuɗi, ko in aika wa iyayenka da ikkilisiyarku. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram wajen 63,000 a Nijeriya saboda wannan aiki. Ɗana, 'yata, kada ka ɗauki irin wannan hoto ko don wanda ya yi maka alkawarin aure. In kuwa ya riga ya faru, kada ka biya, gama biya ba ya ƙosar da su. Kada ka goge saƙonnin, shaida ce. Ka faɗa wa babba wanda ka amince da shi a ranar. Ranka ya fi kowane hoto daraja. Baba da Mama, in yaro ya zo muku da wannan, ku ajiye bulala. Ku rungume shi tukuna, ku raka shi wurin 'yan sanda. Yaron da ke tsoron gida shi ne mugu yake riƙewa.

Sirrin ɗan'uwanka ba naka ba ne

Yanzu bari mu juyo cikin ikkilisiya. Sau da yawa ba rumbunmu muke buɗewa ba, na wani ne, muna kuwa yi da sunan ƙauna.

'Yar'uwa tana kwance a asibiti, sai a ɗauki hotonta a kan gado, a rubuta sunan ciwonta, a ce a yi addu'a. An tambaye ta? Wataƙila ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba tukuna. An yi hatsari a hanyar Kaltungo, kafin a sanar da iyali, hoton gawa ya riga ya zaga gari, uwa ta ga ɗanta a wayar maƙwabciya. Miji da mata sun sami saɓani, sun kai wa dattijo, washegari maganar tana guruf, wai don a tuna da su cikin addu'a. 'Yan'uwa, tsegumi ko an sa masa rigar addu'a tsegumi ne. Allah ya san sunan mara lafiya da ciwonsa. Ya isa ka ce, mu yi addu'a domin wata 'yar'uwa da ba ta da lafiya.

Ku dubi Yusufu, mijin Maryamu. Da ya ga tana da ciki, kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiya, yana da hanyar tona ta a gaban jama'a. Bai yi ba. Ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye don kada ta sha kunya, Matiyu kuwa ya kira shi adali. Ubangijinmu ma, a Matiyu sura 18, ya koya mana mu fara zuwa wurin wanda ya yi mana laifi mu kaɗai. Bai ce mu fara da shela ba. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Magatakardan ikkilisiya da ma'aji, littafin sunayen membobi, da lambobinsu, da na zakka da baiko, amana ce a hannunku. Kada ku ba ɗan siyasa ko ɗan kasuwa don ya roƙa. Kada ku sa lambar wani a sabon guruf sai kun tambaye shi.

Dokar ƙasa ma ta yarda da wannan. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, aka kafa hukumar NDPC don lura da ita. Dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani ko ofis abin da suka ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka janye yardarka, ka kuma kai ƙara. Ta ware lafiyar mutum, da addininsa, da ƙabilarsa cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman. Akwai kuma dokar laifofin intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. In an yi maka zamba, EFCC tana da ofis a nan Gombe. Amma doka takan iso bayan ɓarna. Rigakafi ya fi magani.

Abin yi a wannan mako

Ina roƙonku, bayan cin abincin dare, ku zauna iyali duka, kowa ya kawo wayarsa. Ku yi waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, ku sa wa kowace waya makulli, ku sa wa layin kansa lambar sirri. Ɓarawo yakan cire layi ya sa a wata waya ya shiga banki da shi. Kada lambar ta zama shekarar haihuwa ko 1234.

Na biyu, ku shiga saitin WhatsApp ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Lamba shida ce da kai kaɗai ka sani. Ko an yaudare ka ka faɗi lambar saƙo, wannan za ta tare ƙofa.

Na uku, ku tambayi bankinku lambar da ake bugawa a rufe asusu daga kowace waya. Ku rubuta ta a takarda a gida. Ranar da waya ta ɓata, a rufe asusu da layi nan da nan, kada a jira gobe.

Na huɗu, in ka daina amfani da wani layi, ka je banki ka cire shi daga asusunka. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani yakan sayar wa wani.

Na biyar, a wurin mai POS kada katinka ya ɓace wa idonka. Ka rufe da hannu sa'ad da kake danna lamba. Kada ka rubuta lambar a jikin kati.

Na shida, kafin ka sayar da waya ko ka kai ta gyara, ka cire layi da katin ajiya. In sayarwa ce, a share ta gaba ɗaya.

Na bakwai, ku koma baya ku duba abin da kuka taɓa sawa. Abin da zai ba ku kunya a gaban dattawa, ku cire. Wanda kuka ɓata wa suna, ku nemi gafararsa, ku kuma gyara maganar a inda kuka ɓata ta.

Na takwas, ku matasa, ku zauna da Kaka da Baba ku bayyana musu waɗannan abubuwa da harshen gida. Saƙonnin banki da Turanci suke zuwa, tsoho kuwa yakan miƙa wa duk wanda ke kusa ya karanta masa. Ku zaɓi mutum ɗaya mai aminci a gida wanda zai riƙa yi musu wannan. Ku yi yarjejeniya kuma: duk saƙon neman kuɗi, ko da sunan fasto ya zo, sai an kira an ji murya, an yi tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa.

Masu sauraro, ba cewa nake ku jefar da waya ba. Da ita muke gaida 'ya'yanmu da ke Jos da Abuja da Legas. Da ita manomi ke jin farashi, ɗalibi ke karatu, mara lafiya ke samun taimako. Ba kuma cewa nake ku daina karɓar baƙi ba. Ku ba baƙo ruwa, ku ba shi wurin zama. Amma kafin ka danna, ka yi wa kanka tambayoyin da Ishaya ya yi wa sarki. Wane ne wannan? Daga ina yake? Me nake shirin nuna masa? In kunne ya ji, jiki ya tsira.

In kuwa kana saurarona yau, an riga an kwashe maka kuɗi, ko an ɓata maka suna a gari, kada ka ɓuya. Masu ilimi da yawa sun faɗa wannan rami. Ka faɗa wa 'yan'uwa don kada na gaba ya faɗa. Mu kuma kada mu yi masa dariya. Sunan da mutane suka zubar, Allah yana da ikon tsabtace shi, halin kirki na yau da gobe kuma yakan rufe bakin masu magana.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka don abin da ka sa a hannunmu. Ka ba mu hikima mu san abin faɗa da abin riƙewa. Ka tsare bakinmu da yatsunmu. Ka kiyaye 'ya'yanmu daga masu yaudara. Ka ta'azantar da waɗanda aka cuta, ka juyo da zuciyar masu cutar. Ka sa mu zama masu rufa asirin juna, masu zaman salama da maƙwabtanmu a Gombe da ƙasarmu duka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.